Rimot Da Allon Mota: A Gwada Kafin A Sallama

 Wannan karon mun ɗan jingine zancen gero da dawa da wake, za mu taɓa wata magana da ke yawan haɗa mai saye da mai sayarwa rigima. Watau rimot na allon nan da ake kafawa a gaban mota, mai kama rediyo, mai nuna hoto, mai nuna bayan mota in an sa ribas.

Abin ɗan mitsitsi ne, tafin hannu ya rufe shi. Amma mu da ke zaune a Dawanau muna ganin abin da yake jawowa. Alhaji ya sayi mota ta hannun dillali, ko ya aiki yaro Sabon Gari ya sayo allo an ɗaura masa, bayan kwana biyu ya dawo yana faɗa, wai an yi masa algus, rimot ba ya aiki. Dillali ya riga ya kashe la'adarsa, mai kanti kuwa ya ce kayan da suka fita ba sa komowa. Sai ka ga mutanen da suka daɗe suna hulɗa sun daina gaisawa, alhali sau da yawa batir ne kurum ya mutu, wanda kuɗinsa bai kai na kwanon gero ba.

To, bari mu fara da yadda abin yake aiki. A goshin rimot akwai ɗan ƙwai kamar ƙwayar dawa. In ka danna, sai ya harba wani haske wanda idon mutum ba ya gani, masana suna ce masa infirared. A jikin allon kuma akwai wata 'yar taga baƙa mai karɓar hasken. Haske kuwa ba ya zagaya kwana, ba ya ratsa hannu ko tsumma. Tilas ne goshin rimot ya fuskanci tagar nan, babu shamaki a tsakaninsu.

Da rimot ya ƙi aiki, kada a yi saurin kiran mai wayarin. A fara da batir. Sabon rimot yakan zo da wata 'yar leda da aka cusa tsakanin batir da ƙarfe don kada ya ƙare a kanti. Sai an zare ta wuta za ta shiga. Yawancin waɗannan rimot masu kama da kati suna cin batir mai kamar kwabo, mai ƙarfin bolt 3, an rubuta CR2025 a bayansa. Lambar nan awo ce: faɗinsa milimita 20, kaurinsa 2.5. Akwai ɗan'uwansa CR2032, faɗinsu ɗaya amma shi kaurinsa 3.2. In aka tura shi da ƙarfi inda ba gurbinsa ba, sai ya karya 'yar tiren. A duba alamar + a jikin tiren, a kwantar da batir yadda ta nuna.

Sa'an nan ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. Buɗe kyamarar wayarka, ka saita goshin rimot a gabanta, ka danna. In yana da rai za ka ga ƙwan yana ƙyalƙyal da haske fari-fari mai ruwan shuni a fuskar wayar. Wasu wayoyi masu tsada kyamarar bayansu tana tace wannan haske, saboda haka in ba ka gani ba, juya ta gaba ka sake. Gani ya kori ji. In ya haska, rimot ya fita daga zargi, sai a koma kan allo.

A allo, nemo 'yar tagar nan ka share ta. Motar da ke cin kasuwannin ƙauye a lokacin hunturu, ƙura ce ke toshe ta. Wasu kuma suna barin ledar kanti a fuskar allo, ko su manna hoto daidai kan tagar. Haka nan rana in ta faɗo a kanta kai tsaye, haskenta yakan rinjayi na rimot. Shi ya sa za ka ji mutum ya ce da dare yana yi, da azahar ya ƙi. A kai motar inuwa a sake gwadawa.

In duk an bi wannan bai yi ba, to wataƙila ba mijinta ba ne aka haɗa ta da shi. Kowane kamfani da yarensa. Yawanci hasken yana ƙiftawa sau dubu 38 a daƙiƙa guda, na Sony sau dubu 40, na tsarin Philips sau dubu 36, kuma jerin ƙiftawar ya bambanta. Rimot ɗin Pioneer ba zai yi wa Kenwood magana ba, ko da kamanninsu ɗaya. A motocin Kwatano ana yawan samun wannan, ka tarar da rimot a aljihun mota alhali na wani allo ne can da aka cire tun a Turai. Maganinsa a kwafi lambar da ke jikin allon, a tafi da ita kasuwa a nemo nasa. Akwai kuma rimot gama-gari, da wayoyi irin su Redmi da yawa masu nasu ƙwan a ka, amma sai in lambar allonka tana cikinsu.

A kula da wannan da kyau, ya ku masu saro kaya: alluna da yawa na Android da ake shigowa da su daga Sin ba su da tagar nan sam. An yi su ne don taɓawa da yatsa. Wanda ya sayar wa mai irin wannan allo rimot na haske, ya ci kuɗinsa a banza. Abin da ke yi musu shi ne mai Bluetooth, ko kuwa maɓallan sitiyari. A bayansu akwai wayoyi biyu masu rubutun KEY1 da KEY2, mai wayarin zai haɗa su da na sitiyari, sa'an nan a shiga saiti a koya wa allon maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Sababbin motoci kuwa sai da wani ɗan akwati da ake kira kanbos, kuma kowace mota da irin nata.

Akwai wata waya shuɗiya mai farin zane da aka rubuta wa REM ko REMOTE. Sunan nan ya ruɗi yara masu koyon wayarin da yawa. Ba ruwanta da rimot na hannu, aikinta kunna amfilifaya. Rawaya ita ce mai wuta kullum daga batir, ja sai an murɗa makulli, baƙa ta jikin mota. In aka musanya rawaya da ja, duk abin da aka koya wa allon zai manta da zarar an kashe mota.

Masu manyan motocin ɗaukar hatsi kuma, ku tuna yawancinsu bolt 24 suke ci, allon nan kuwa na bolt 12 ne. In aka jona shi babu na'urar rage wuta, ƙonewa zai yi, ba rimot ɗin da zai tashe shi.

Wani kuma zai ce rimot yana canja tasha, yana ƙara murya, amma hoto ya ƙi fitowa. Wannan ba lalacewa ba ce. Da gangan masu ƙerawa suka ɗaura hoton da birkin hannu, sai mota ta tsaya an ja shi zai nuna. Muna roƙon iyayen gida kada su bari a yi wa wayar nan dabara. Direban da ya ɗauko buhu ɗari uku yana kallon fim, dukiyarka da ran jama'a ya sa a caca. Kada kuma a bar rimot yana yawo a ƙasa, yana iya shiga ƙarƙashin birki. Kada a bar shi kan dashbod a ranar bazara. Tsohon batir kuwa a jefar da shi inda yara ba za su tsinta ba, domin in yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i, sai a ruga asibiti nan take.

Shawararmu ga dillalai ita ce wadda muka gada a awo: ba a cinikin biri a sama. Yadda mai sayen dawa yake soka buhu ya ga ƙwaya, haka za a kunna allo a gaban mai saye da shaidu, a danna kowane maɓalli. In babu rimot, ko allon ba mai karɓa ba ne, a faɗa tun kafin a ce an sallama, a rage abin da za a rage. La'adar rana ɗaya ba ta kai amanar shekaru ba.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kai direbobinmu gida lafiya. Haza wassalam.