Yadda Ake Tsare Yatsu a Safar Hannu Mai Tsaga

Maganarmu ta yau ta mai ɗa ce ko ƙane a ƙasashen sanyi, kamar Kanada da Rasha da Norwe, inda ake wasan zamiya bisa dusar ƙanƙara da sanda a kowane hannu. Ku ji, ku aika masa, gama sanyin can yana cin yatsa har a yanke.

Kadan sanyi ya tsananta, jiki yakan tsuke hanyoyin jinin hannu domin ya tsare ɗumin ciki. Shi ya sa yatsu ke fara sandarewa. Safar hannu mai gida biyar tana da daɗin aiki, amma kowane yatsa shi kaɗai yake fama. Mai kama da jaka tana tara huɗu wuri ɗaya, suna ɗumama juna kamar 'yan tsaki, sai dai riƙon abu da wuya. To, sai aka yi ta tsakiya, watau mai tsaga. Wata bibbiyu ce kamar kofaton akuya. Wata kuwa manuni yana da gidansa dabam, uku suna tare.

Manunin nan shi ne abin lura, gama ba shi da abokin ɗumi. Da ka ji ya soma zugi, ka tsaya, ka zare shi daga gidansa ba tare da tuɓe safar ba, ka dunƙule hannu a ciki har da babban yatsa. Sa'an nan ka wujijjiga hannu jini ya sauko. Kada ka damƙe sanda da ƙarfi.

Kada safar ta matse, domin iskar da ke ciki ita ke riƙe ɗumi. Kadan ta jiƙe, ko da gumi ne, a sāke wata, gama ruwa ya fi iska janye zafin jiki kamar sau 25. Taba ma tana tsuke hanyoyin jini, ko da yake masu sha ba su son jin haka.

In yatsa ya yi fari, ya yi tauri, ba ya jin taɓi, sanyi ya ci shi ke nan. Kada a murza, kada a kai shi bakin wuta. A sa shi a hammata, ko cikin ruwa mai ɗumi, digiri 37 zuwa 39, a nemi likita ran nan.