Amanar Yara da Haɗarin da ke Cikin Ɗaki

Duk wanda ya zaga unguwannin Minna da hantsi, tun daga Limawa har Kpakungu, ko daga Bosso har Chanchaga, ya leƙa tsakar gidaje a lokacin da maza suka fita neman abin masarufi, mata kuma suka duƙufa ga wanke-wanke da girki, lalle zai tarar cewa masu mulkin gida a wannan sa'a su ne yara masu rarrafe da masu tatata, waɗanda Allah ya halitta da son taɓa duk abin da ido ya gani, da kai duk abin da hannu ya riƙa zuwa baki. Wannan ɗabi'a ba laifi ba ce gare su, domin da ita suke sanin duniya. Hisabin yana kan baligin da ya ajiye abin cutarwa inda ɗan ƙaramin hannu zai kai.

Mu fara da reza, wadda saboda arharta da yawan amfaninta kusan babu gidan da ba ta, alhali kuwa ba a cika ba ta wurin ajiya na musamman ba. Da ita ake yanke farce, da ita ɗan makaranta ke fiƙe fensir, da ita tela ke farke ɗinki, kuma da zarar buƙata ta biya sai a bar ta a bakin taga, ko a ƙarƙashin tabarma, ko a share ta zuwa juji inda yara ke tone-tone. Illarta ba ta tsaya ga yanka kaɗai ba, domin rezar da ta kwana cikin ƙasa tana iya shigar da cutar sandarewar jiki, wadda likitoci ke kira tetanus, rezar kuma da wani ya yi amfani da ita tana iya zama ɗauke da ƙwayar ciwon hanta daga jininsa. Saboda haka ne allurar rigakafin da ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14 take da girman fa'ida, tun da ta ƙunshi kariya daga cututtukan nan biyu. Tsohuwar reza kuwa, hakkinta a mayar da ita cikin takardarta, a jefa a gwangwani mai murfi da aka ɗora can sama, in ya cika a binne shi da zurfi.

Bayan reza sai abin sha. Kananzir da aka zuba a gorar lemo, da sodar da mata ke jiƙawa domin haɗa sabulu, wadda a ido ba ta da maraba da ruwa, da maganin sauro irin su fiya-fiya da Sniper, wanda hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni a shekarar 2019, dukkansu yaro mai ƙishirwa ba ya bambanta su da abin da ya saba sha. A nan akwai mas'alar da ya wajaba kowace uwa ta sani: idan yaro ya sha kananzir ko soda, kada a sa shi amai, kada kuma a ɗura masa manja, domin kananzir yakan ɓalle zuwa huhu a yayin amai, soda kuwa takan sake ƙona maƙogwaro a hanyarta ta fitowa. Abin yi shi ne a ɗauki yaron tare da kwalbar abin da ya sha, a nufi Babban Asibitin Minna ko asibiti mafi kusa ba tare da jinkiri ba. Haka hukuncin yake ga wanda ya haɗiyi reza ko ƙaramin batir. Ba a tura masa lomar tuwo, hoto ake ɗauka a asibiti. Wanda ya yanke kuma, a danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai kyau, a nisanci toka da ƙasa.

Mu mutanen Jihar Neja mun riga mun ga iyakar abin da guba ke yi idan ta shigo gida. A shekarar 2015, a yankin Shikira na Ƙaramar Hukumar Rafi, yara 28 suka rasu sanadiyyar gubar dalma, kamar yadda ɗaruruwa suka rasu a Zamfara a 2010, kuma asalin musibar shi ne dutsen zinariya da ake kawowa gida ana daka shi, ƙurarsa ta sauka a ƙasar da yara ke wasa. Iyayen nan neman halal suke yi, ba su san abin da ke cikin ƙurar ba. Mu da labari ya iso gare mu ba mu da wannan uzuri, musamman da yake dalmar nan ana samun ta har a cikin wani kwallin da ake rambaɗa wa jarirai.

Sau da yawa idan tsautsayi ya auku sai a ce ƙaddara ce, kuma babu mumini da ke musun ƙaddara. Sai dai malamanmu sun karantar da cewa tawakkali ba ya kore riƙon sababi, sun kuma lissafa kiyaye rai cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo domin tsare su. Saboda haka ya kamata maigida da uwargida su keɓe lokaci su duba gidansu daga tsayin yaro mai rarrafe: wuƙa da almakashi da ashana da ƙwayoyin magani su koma akwati mai kwaɗo, rijiya ta sami murfi, bokitin ruwa a kife shi, tukunyar zafi a kawar da ita daga hanya. A gidan haya kuwa, inda ɗakuna da yawa ke tarayya a tsakar gida ɗaya, wajibi ne maƙwabta su yi ittifaƙi a kan wannan, domin rezar da gwauro ya yar a bakin makewayi ɗan maƙwabcinsa ne zai tsinta. Yaro amana ne da ba ya iya tsare kansa, kuma za a tambayi wanda aka ba wa yadda ya riƙe shi.