Abin da ya kamata ku sani game da mutum-mutumi mai ɗebe wa tsofaffi kewa

A Japan, kusan mutum uku cikin goma sun kai shekara 65, kuma da yawansu su kaɗai ke kwana a gida. Irin wannan kaɗaici ne ya sa ake ƙera mutum-mutumi mai taya hira. Sai dai ƙera shi daban, samun tsoho ya kula shi daban. To, da me yake jan hankalinsa?

Na farko, shi ke fara magana. ElliQ, wanda kamfanin Intuition Robotics na Isra'ila ya ƙera, ba ya jira a kira shi. Shi zai gaida mai gida, ya tambayi lafiyarsa, ya tuna masa lokacin shan magani. Yana kuma riƙe abin da aka faɗa masa jiya, ya tayar da zancen yau. A 2022, hukumar kula da tsofaffi ta jihar New York a Amurka ta sanar da shirin raba ElliQ sama da 800.

Na biyu, ba murya kaɗai yake dogaro da ita ba, domin ji da gani suna raguwa da shekaru. Idan ElliQ zai yi magana sai ya juyo da kansa wajen mutum, fuskarsa ta kawo haske.

Na uku, taɓawa. Paro, ƙirar Takanori Shibata na Japan, siffar jaririn wata dabbar teku gare shi, ga gashi mai laushi. In an shafa shi sai ya lumshe ido, ya yi ɗan kuka, har sunan da aka raɗa masa yakan gane. An fi amfani da shi wajen masu ciwon mantuwa.

Amma a yi hattara. Mai hira irin ElliQ na da kyamara da makirufo, sirrin gida ke nan a gabansa. Ga buƙatar wuta da intanet da kuɗin wata-wata.

A garuruwanmu irin su Kankia da Kusada kuwa, samari na tafiya Kano, Kaduna ko Abuja neman na kansu, a bar Baba da rediyo, Iya da carbi. Duk dabarun mutum-mutumin nan huɗu ne kacal: fara gaisuwa, duban fuska, riƙe hannu, tuna zancen jiya. Babu wadda ba mu gada ba. Don haka kada ka jira Baba ya kira ka, kai ka kira shi, ka tambayi ƙafar da ya ce tana ciwo. Idan kana kusa, ka tura jikoki su je su tsokani kakarsu, kai ma ka bi bayansu.