FASHIN BAƘI: Shin sai da babbar kyamara ake ɗaukar hoton da zai zama hujja?

Daga zanga-zangar EndSARS ta 2020 zuwa ta tsadar rayuwa a watan Agustan 2024, matasa da dama a Najeriya sun mayar da kyamara kayan aikinsu na bin diddigin masu mulki. Yawancinsu sun fara ne da kyamarori masu matsakaicin sensa, irin su Canon 700D ko Nikon D5300, waɗanda suka saya na hannu. Da tafiya ta yi tafiya, tambaya ɗaya takan taso wa kusan kowannensu: shin lokaci ya yi da zai sayar da wadda ke hannunsa, ya ƙara kuɗi, ya koma ga mai cikakken sensa, wadda masu sana'ar ke kira ful-firem?

Tambayar ta ƙara nauyi saboda halin da naira ke ciki. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji a watan Yunin 2023, dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma; a cikin 2024 ta haura naira 1,500. Kayan da farashinsa dala 1,000 ne ya tashi daga kusan naira 460,000 zuwa fiye da miliyan ɗaya da rabi. Tunda dukan kyamarori da gilasansu daga waje ake shigo da su, kuskuren saye a yau yana iya cinye tanadin shekara guda. Don haka ya dace a san ainihin abin da wannan ƙarin kuɗi yake sayowa.

Mene ne bambancin?

Sensa shi ne farantin da ke cikin kyamara, wanda haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Ya maye gurbin fim ɗin da ake wankewa a da. Cikakken sensa yana da faɗin milimita 36 da tsawon 24, daidai girman hoto ɗaya na fim mai milimita 35, ma'aunin da kyamarar Leica ta Jamus ta yaɗa tun fitowarta kasuwa a 1925.

Matsakaicin sensa, wanda ake kira APS-C ko kurof, ya samo sunansa daga wani tsarin fim da aka fitar a 1996. A kyamarorin Nikon da Sony da Fujifilm girmansa kusan milimita 23.5 ne da 15.6, na Canon ya ɗan fi ƙanƙanta, 22.3 da 14.9. Idan aka auna fili, cikakken sensa ya ninka matsakaicin fiye da sau biyu.

An fara da ƙananan ne saboda ƙera babban sensa yana da tsada ƙwarai. Sai a 2005 Canon ta fitar da EOS 5D a kan kimanin dala 3,300, farashin da a lokacin aka ɗauka a matsayin rahusa. Nikon ta biyo da D3 a 2007, Sony kuma ta fitar da A7 marar madubi a 2013. Zuwa 2019 Canon RP ta sauko zuwa kusan dala 1,300. Tun daga nan kamfanonin suka karkata tallarsu ga cikakken sensa, har ya zama kamar wanda bai mallake shi ba bai cika ƙwararre ba.

Abin da ake samu

Riba ta farko ita ce aiki a cikin duhu. Babban faranti yana tara haske fiye da ƙarami, kamar yadda babbar roba ke tara ruwan sama fiye da kwano. Idan haske ya yi ƙaranci, mai ɗaukar hoto yakan ɗaga lambar ISO, abin da ke sa hoton ya yi yashi-yashi. Tsakanin kyamarori biyu 'yan zamani ɗaya, hoton da cikakken sensa ya ɗauka a ISO 6400 yakan yi tsabta kusan daidai da wanda matsakaicin ya ɗauka a 3200. Ribar kenan a zahiri: ninki biyu da ɗan ɗoriya. Ga wanda ke aiki a cibiyar tattara sakamakon zaɓe da tsakar dare, ko a sansanin 'yan gudun hijira bayan magariba, wannan na iya raba hoton da za a buga da wanda za a goge.

Riba ta biyu ita ce faɗin gani. Matsakaicin sensa tsakiyar abin da gilashi ya kawo kawai yake kamawa, ya bar gefuna. Shi ya sa gilashi mai milimita 24 yake nuna abin da mai milimita 36 zai nuna a cikakken sensa. A ƙuntataccen wuri, kamar ajin makarantar da rufinta ya yaye ko ɗakin haihuwa na asibitin ƙauye, inda babu wurin ja da baya, faɗin gani yana da amfani.

Riba ta uku ita ce dusashewar baya, inda fuskar mutum ke fitowa tar, abin da ke bayansa ya narke. Ƙofar haske ta f/2.8 a matsakaicin sensa tana ba da dusashewa kusan irin ta f/4 a cikakke. Masu hoton biki suna son wannan, kuma shi ne yawanci ke jan hankalin matasa. Sai dai a aikin jarida bayan hoton sau da yawa shi ne labarin. Allon sunan ma'aikata, lambar mota, yawan jama'ar da ke tsaye a layi, su ne ke tabbatar da wuri da lokaci. Hoton da ya narkar da su ya yi kyau a ido, amma ya rage ƙarfinsa a matsayin hujja.

Abin da ake rasawa

Matsakaicin sensa yana da tasa ribar, wadda masu talla ba su cika faɗa ba. Tunda tsakiya yake kamawa, yana jawo abin da ke nesa. Gilashi mai milimita 200 yakan ba da ganin mai milimita 300 a Nikon ko Sony, ko 320 a Canon. A taron gangamin siyasa inda jami'an tsaro suka killace 'yan jarida nesa da dandamali, ko a wurin da matsowa kusa ke da haɗari, wannan ƙarin nisa kyauta ne. Wanda ya koma cikakken sensa sai ya sayi dogon gilashi mai tsada kafin ya dawo da shi.

Akwai kuma nauyi. Gilashin 70-200 mai f/2.8, wanda 'yan jarida suka fi dogara da shi, yakan kai kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi shi kaɗai. Wanda zai yini a tsaye cikin rana, ko ya ruga da gudu idan aka harba barkonon tsohuwa, yana jin kowane kilo a wuyansa.

Girman kaya yana kuma jawo ido. A zanga-zangar Agustan 2024, Kwamitin Kare 'Yan Jarida na CPJ ya tattara rahotannin gomman 'yan jarida da aka ci wa zarafi ko aka tsare, kuma cikinsu har da waɗanda aka taɓa kayan aikinsu. Ma'aikacin babbar kafa yana iya komawa ofis a ba shi wata kyamarar. Ɗan jarida mai zaman kansa da ya zuba duk abin da ya mallaka a kan guda ɗaya, ranar da aka fasa ta, sana'arsa ce ta tsaya.

Inda ainihin kuɗin yake ɓuya

Farashin jikin kyamara somin-taɓi ne. Yawancin gilasan da ke zuwa da matsakaicin sensa an ƙera su ne don su rufe ƙaramin faranti kawai. Gilasan Canon masu alamar EF-S ba sa hawa kan manyan kyamarorinta masu madubi, irin su 5D da 6D. Na Nikon masu alamar DX suna hawa, amma kyamarar takan koma amfani da tsakiyar sensa, ta yadda mai megafiksel 24 za ta ba da kusan 10 kacal. Wato mutum ya biya kuɗin babban faranti, yana aiki da ƙasa da rabinsa.

Bugu da ƙari, tun 2018 Canon da Nikon suka fitar da sababbin bakunan ɗaura gilashi, RF da Z, don kyamarorinsu marasa madubi. Tsofaffin gilasai sai da mahaɗi na musamman suke aiki a kansu. Batir da katin memori ma sukan canza. Wanda ya yi lissafin jiki kawai yakan tarar da cewa bai kai rabin hanya ba.

A nan ne wani lissafi mai sauƙi yake da amfani. Gilashin 18-55 da ake haɗawa da yawancin ƙananan kyamarori, idan aka zuƙo shi zuwa ƙarshe, ƙofar haskensa f/5.6 ce. Gilashi mai milimita 50 da f/1.8, wanda ke cikin mafi arha a kasuwa, yana shigar da haske kusan ninki goma a kan haka. Sauya jiki yana ba da ninki biyu da kuɗi mai yawa. Sauya gilashi yana ba da ninki goma da ɗan kaso na wannan kuɗin. Mafi yawan masu kukan cewa kyamararsu ba ta gani da dare, gilashinsu ne bai gani ba.

Haka nan, girman sensa ba shi ne ma'aunin ƙwarewar kyamara ba. Nikon D500 ta 2016 matsakaicin sensa gare ta, amma tana ɗaukar hoto goma a daƙiƙa ɗaya, tana da gurbin katin memori biyu. Canon RP mai cikakken sensa gurbi ɗaya gare ta. Ga ɗan jarida, kati na biyu da ke ajiye kwafi nan take yana iya fin kowace riba ta haske, domin abin da ya faru a rumfar zaɓe ba ya maimaituwa. Fujifilm kuwa ba ta ƙera cikakken sensa ko kaɗan, kuma ƙwararru da yawa da ita suke aiki.

Inda hoton zai ƙare

Yawancin hotunan da matasan 'yan jarida ke ɗauka a allon waya ake kallonsu. Shafukan sada zumunta suna matse hoto kafin su nuna shi, WhatsApp ma haka, sai dai idan an aika shi a matsayin fayil. Bayan wannan matsi, da wuya mai karatu ya gane kyamarar da ta ɗauki hoton da aka yi da rana tsaka.

Hujjojin da suka fi girgiza masu iko a 'yan shekarun nan ma ba daga manyan kyamarori suka fito ba. Da waya Darnella Frazier ta ɗauki kisan George Floyd a Minneapolis ta Amurka ranar 25 ga Mayun 2020, kuma hukumar kyautar Pulitzer ta karrama ta a 2021. Da waya DJ Switch ta yaɗa abin da ya faru a ƙofar karɓar haraji ta Lekki kai tsaye a Instagram, a daren 20 ga Oktoban 2020. Hotunan wannan dare duhu ya rufe su, kuma kyamarar da ta fi gani da dare da ta nuna fiye da haka. Duk da haka, masu bincike sun iya aiki da su saboda an san wurin, an san lokacin, kuma akwai bidiyoyi da dama da ke gaskata juna. Saita agogon kyamara daidai, adana ainihin fayil ba tare da gyara ba, da ajiye kwafi a wuri na biyu, ba sa cin ko sisi, kuma su ne ke sa hoto ya tsaya a gaban kwamitin bincike ko kotu.

Yadda za a yanke shawara

Hanya mafi aminci ita ce mutum ya buɗe hotunansa na wata shida da suka wuce, ya ware waɗanda suka lalace, ya duba dalilin lalacewar kowanne. Kyamara tana rubuta ISO da ƙofar haske da tsawon gilashi a jikin kowane fayil, don haka amsar tana nan a rubuce. Idan hotunan sun girgiza ne, ko saiti ya kuskure fuska, ko an makara abin ya wuce, babban sensa ba zai gyara wannan ba. Idan yawancinsu a ƙarshen zuƙowa aka ɗauke su, matsakaicin sensa ne ya dace da aikin. Idan bidiyo ne ya fi yawa, makirfo mai kyau da sandar kafa kyamara sun fi gaggawa, domin mai kallo yakan haƙura da hoto mai yashi amma ba ya haƙura da muryar da ba ta fita.

Sauyawar tana da hujja ga wanda ya riga ya mallaki gilashi mai faɗin ƙofa, yake aiki a duhu a kai a kai, kuma duk da haka editoci ke mayar masa da hotuna saboda yashi. Tana da hujja ga wanda ke sayar wa kafofin da ke buga manyan hotuna, ko wanda hoton biki ke ciyar da aikin jaridarsa, idan kuɗin shigarsa zai iya mayar da jarin cikin lokacin da ya ƙayyade. Wanda ke da niyyar sauyawa nan gaba yana iya fara sayen gilasan cikakken sensa tun yanzu, tunda suna aiki a kan matsakaicin jiki na kamfani ɗaya mai baki iri ɗaya. Mai sayen na hannu kuma ya duba adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, ya haska cikin gilashi don ganin ƙura ko fumfuna, ya gwada sensa a kan farin bango, musamman a yankin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina.

Ga waɗanda ke shirin zaɓen 2027, lokacin sauyawa ma abin lura ne. Ba a fafe gora ranar tafiya: sabuwar kyamara tana buƙatar watanni kafin yatsu su san maɓallanta ba tare da an duba ba. Wanda bai sauya da wuri ba, gara ya shiga rumfar zaɓe da tsohuwar da ya sani, da gilashi mai faɗin ƙofa, da batir biyu a aljihu.