Hawan Sukari Bayan Tiyatar Zuciyar Yaro

Kusan jariri 1 cikin 100 ana haifarsa da matsalar zuciya, wadda aka fi sani da hujin zuciya. Ga iyali a Kakau, cikin ƙaramar hukumar Chikun, fafutukar takan fara daga asibitin Barau Dikko ko na Shika a Zariya, ta kai su Abuja, Legas ko Indiya, wani lokaci sai an sayar da fili. Bayan duk wannan ɗawainiya, washegarin tiyata a ce wa uwa sukarin ɗanta ya hau, dole hankalinta ya tashi, domin ta ga abin da ciwon suga ya yi wa manya a unguwa.

Amma wannan ba ciwon suga ba ne. Jikin da aka buɗe wa ƙirji, aka sanyaya shi, aka bi da jininsa ta injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu, yakan kwararo sinadaran firgici irin su kotisol da adirenalin. Su ke sa hanta ta saki sukari, su kuma hana insulin, sinadarin da ke sauke sukari, aiki sosai. Wasu magunguna da ƙarin ruwan da ke rataye a gefen gado suna ƙara yawansa. Galibi cikin 'yan kwanaki yakan sauka da kansa.

Wani zai ce ai an lura yaran da sukarinsu ya fi hawa sun fi shan wuya, me zai hana a danne shi tun da wuri? An gwada. A birnin Leuven na Beljiyam, binciken 2009 kan yara 700 ya nuna alfanu, sai dai kusan kashi 25 cikin 100 na waɗanda aka tsananta wa insulin sukarinsu ya faɗi ƙasa warwas. A 2012, asibitocin Boston da Michigan a Amurka suka gwada yara 980 'yan ƙasa da shekara 3 da aka yi wa tiyatar zuciya: tsanantawar ba ta rage kamuwa da ƙwayoyin cuta ko mace-mace ba. Ke nan hawan sukari ya fi zama alamar irin wahalar da jiki ya sha. Faɗuwarsa kuwa tana iya jawo jijjiga ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma jaririn da ke kan injin numfashi ba shi da bakin cewa jiri yake ji.

A ganina haɗarin faɗuwar sukarin ya fi shafar mu. Inda ma'aikaciyar jinya ɗaya ke duba gadaje da yawa, tsinken gwaji kuma iyaye ke saye, tsananta insulin kasada ce. Ba a ce a yi sakaci ba: idan awo ya haura kimanin 180 mg/dL ya ƙi sauka, likitoci sukan sa insulin a hankali suna yawan aunawa. Bayan sallama kada a ɗura wa yaro ruwan shuwaka ko a rage masa nono da sunan maganin suga. Idan ya shiga yawan ƙishirwa da fitsari yana ramewa, a kai shi asibiti a auna shi a ranar.