Ba Yawan Jarumai Ke Kashe Labari Ba

A cikin masu karatun littattafan labarin zane na Amurka, irin na kamfanonin Marvel da DC, akwai wata magana da ta zauna daram: wai da zarar ƙungiyar jarumai ta haura mutum shida ko bakwai, labari ya mutu. Hujjarsu ita ce fitowa ɗaya ba ta cika wuce shafi 20 zuwa 22 ba, to ina za a cusa mutum goma sha biyar? Ina girmama masu wannan ra'ayi, domin ƙorafinsu yana da tushe. Kowa ya taɓa buɗe shafin da aka jera jarumai kewaye da tebur, biyu na ta magana, sauran sun yi cirko-cirko a baya, har a rufe littafin ba su ce uffan ba. Taron tsintsiya ba shara ke nan. Sai dai ina ganin an kama mai laifin da ba shi ba ne.

Mu koma tushe. Lokacin da Justice League ta fara fitowa a 1960, mutum bakwai ne a cikinta, har da Superman da Batman da Wonder Woman. Marubucinta, Gardner Fox, ya zo da dabarar da ya saba da ita tun zamanin Justice Society a 1940: a gabatar da matsala, a raba jarumai ƙanana-ƙananan rukuni, kowane rukuni da babinsa, sannan a haɗu a ƙarshe a gama da abokin gaba. Da wuya a ga mai zaman ɗan kallo, don kusan kowa an ɗora masa aiki.

Wanda ya fi rushe wannan zato shi ne Paul Levitz. Ƙungiyar da ya rubuta, Legion of Super-Heroes, membobinta sun haura ashirin, amma a hannunsa ne ta yi tashen da har yau ake tunawa, musamman labarin The Great Darkness Saga na 1982 da ya yi tare da mai zane Keith Giffen. Yadda yake yi shi ne, a kowace fitowa akwai babban labari da ke cin mafi yawan shafuka, sai na biyu da ke bin bayansa, sai na uku da na huɗu da ake ɗan taɓawa a wuce. Idan babban ya ƙare, na biyu ya hau kujerarsa, na uku ya matso, a shuka wani sabo a ƙasa. Ta haka jarumin da aka ba shafi ɗaya a wannan wata, bayan 'yan watanni shi ne mai riƙe da littafin.

Haka Chris Claremont, wanda ya riƙe X-Men daga 1975 zuwa 1991. Shi ya san lokacin da ya kamata a ajiye faɗa. A fitowa ta 153 ta Uncanny X-Men, Kitty Pryde ce ke zaune tana yi wa ƙaramar yarinya Illyana, ƙanwar abokin aikinta Colossus, tatsuniyar barci, ta mai da abokan aikinta 'yan fashin teku da aljanu, su kuma suna laɓe suna saurare. Daga wannan tatsuniya mai karatu ya gane yadda Kitty ke kallon kowannensu. Wannan sanin shi ke sa gaban mutum ya faɗi ranar da aka shiga haɗari.

Idan kuwa yawa ne ciwon, ai da ƙaramar ƙungiya ba za ta taɓa gundurar kowa ba. Amma tun shekarun 2000, da aka koma tsara labari a fitowa shida-shida don a haɗa shi littafi guda a sayar, mun sha ganin jarumai biyar kacal suna cinye wata uku kafin su fita daga ɗakin taro. A nan ba cunkoso, jan ƙafa ne kawai.

Na yarda akwai cunkoson da kasuwa ke haifarwa: a saka fitaccen jarumi a bango don a yi ciniki, alhali ba shi da abin yi a ciki. Wannan kam abin zargi ne, amma zargin na kan wanda ya gayyato baƙo bai tanadar masa wurin zama ba.

Saboda haka, ya kai mai karatu, idan littafin ƙungiya ya gundure ka, kada ka tsaya ƙirga kawunan da ke bango. Ka tambayi kanka: me kowannensu yake nema, kuma me zai lalace idan aka cire shi? Idan akwai amsa, mutum ashirin ba su yi yawa ba. Idan babu, ko uku ne sun yi yawa.