Ko Kun Sani? Kyautar Matan Fada da Ladan Jinga

Ko kun san cewa a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, girman kifi ɗaya tak ne ke raba gardama? Dubban masunta ke faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora, amma wanda ya fito da giwan ruwa mafi nauyi shi ke kwashe babban rabo. A 2020 kifi mai kilo 78 ya jawo wa mai shi miliyoyin Naira da mota da kujerar Makka.

Irin wannan kyauta tana sa mutum ya yi nutso iyakar numfashinsa. Tana kuma buɗe ƙofar maguɗi: a 2008 an ƙwace kyautar daga hannun wanda ya zo na ɗaya, bayan an gano cewa mataccen kifi ne aka shigo da shi daga wani ruwan. Abin takaici ne ƙwarai ga masuntan da suka sha wuya da gaskiya.

A gonakin shinkafa na fadamar Zauro ma, yanayin biya yana sauya aiki. Ɗan jinga yakan gama dashe ko yanka da wuri, sai dai mai gona ya bi sawu ya duba inganci. Wanda ake biya kuɗin wuni ba ya gaggawa, don haka akan haɗa masa da abincin rana da ihisani domin hannunsa ya ƙara sauri.